Jifa Na Goma Sha Bakwai

A baki, aikina ba shi da wuya. Idan kamfani ya gama haƙar ma'adini, ya cike ramin ya shuka ciyawa a kai, ni ofishinmu ke turawa in duba ko ciyawar ta riƙe ƙasa. Ina da wani firam na ƙarfe mai kusurwa huɗu, taku guda kowane gefe. Sai in tsaya a kan gangaren, in rufe ido, in wurga shi ta bayan kafaɗa. Inda ya faɗa, nan zan tsuguna in auna yawan wurin da ciyawa ta rufe da wanda ke tsirara. Jifa ashirin ake yi. Rufe idon nan shi ne aikin gaba ɗaya, don kada hannu ya zaɓi wuri mai kyau.

Wanda ya jagoranci shuka a gangaren da aka tura ni wannan karon Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya yi shekara shida yana kai ni makaranta a bayan kekensa. Idan shukar ta faɗi wannan awon, aikinsa ya tafi. Kamata ya yi in ce wa shugabana ya tura wani. Sai kawai na ɗauki firam ɗina na tafi.

"Ga 'yar boko ta zo yi wa kawunta jarrabawa," in ji shi da ya hango ni. "A dai tausaya wa tsoho, ban yi bita ba."

Jifa goma sha shida suka tafi lafiya, ciyawa koriya shar har gwiwa. Na goma sha bakwai ya yi tsalle ya gangara gefen gabas. Da na je na tarar da shi kwance a kan jar ƙasa, ciyawar ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Ruwa har ya fara tsaga 'yan hanyoyinsa, kowace faɗin yatsa biyu, duk sun nufi ƙasa inda wani dattijo ke da lambu. Yana ma tsaye a bakin shingensa yana kallonmu.

"Haba, wannan ai zamewa ya yi daga hannunki," in ji Kawu. "Ba jifa ba ne."

Kafin in buɗe baki ya ɗauke firam ɗin, yana kakkaɓe shi da hularsa. Wallahi bai zame ba. In na rubuta jifan nan, dole in bi gefen nan duka da ƙafa, kuma na san abin da zan gani. Sai na karɓa, na ɗan juya bayana wajen da ya fi duhun ganye, na rufe ido kamar mutuniyar kirki, na sake wurgawa. Na sa hannu a takarda cewa ƙasa ta kama. Cikin mako guda kamfani ya kwashe buhunan yashin da ke tare ruwa, ya ja motocinsa ya tafi.

Bayan wata biyu aka yi ruwan kwana uku. Gefen gabas ya tsage ya sauko.

Ni ɗin dai aka sake turawa in rubuta dalilin ɓarnar. Shugabana ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, ruwa ne ya wuce kima. Kawu ma ya bugo waya ina kan hanya.

"'Yata, ruwa ne fa. Kowa ya ga ruwan nan."

"Na ji, Kawu," na ce.

Tsagar da ta fara da yatsa biyu ta zama kwazazzabon da zai haɗiye ni a tsaye. A ƙasa, jan laka ya binne kunyoyin tumatir da kabeji, sai kawunan sandunan da aka kafa musu ke leƙowa. Rijiyar lambun ta cika da taɓo har baki. Mai lambun yana ciki da shebur, wandonsa naɗe, yana kwasa kaɗan-kaɗan. Da ya gan ni ya fito, ya wanke hannu, ya jawo mini benci ƙarƙashin bishiyar lemo, ita kaɗai ta tsira. Har haƙuri ya ba ni wai takalmina zai ɓaci. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na ɗora takardar a cinya. Layin dalili yana nan fari, ɗan gajere, daidai kalma biyu: ruwan sama. Kunya ta ishe ni, na ji na tsani hannun nan nawa.

"Baba," na ce, "ranar da na zo awo, jifa ashirin da ɗaya na yi. Ɗaya ya faɗa can saman lambunka, na ɗauke ban rubuta ba."

Ya jingina shebur ɗin da bishiya. Bai ɗaga murya ba.

"Na gani, 'yata, ai ina tsaye. Har na yi niyyar in haƙa lambatu a bayan shingen nan, in kauda ruwan. To da na ga kin sake jifa kin sa hannu, sai na ce mai ilimi ta san abin da ban sani ba. Na bari."

Wayata ta hau ruri a jaka, Kawu ne. Na bar ta tana yi. Layin dalilin ya yi mini kaɗan, sai na juya bayan takardar na fara daga jifa na goma sha bakwai. Iska tana ɗaga gefen takardar, dattijon ya sa yatsansa mai laka ya danne mini har na gama.