Faifai a Buhun Shinkafa

Son zuciya ɓacin zuciya, kuma wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Abin da ya kayar da Injiniya ke nan, mai gyaran kwamfutar nan da suka haɗa shago da yayansa.

Ambaliya aka yi a wata ƙasa mai nisa, ruwa ya cinye masana'antun da ke ƙera had-dis, faifan nan da kwamfuta ke adana komai a cikinsa. Nan da nan kuɗinsa ya ninka uku. A shagonsu kuwa akwai kwali biyu cike da had-dis ƙarƙashin tebur, waɗanda yayan bai san sun iso ba, don yana gida yana jinyar ƙafa.

Da hantsi mai buga takardu ta ƙarshen layi ta shigo rungume da kwamfutarta.

"Injiniya, ka rufa mini asiri. Faifaina ya mutu, ga aikin mutane jibge."

"Wallahi Hajiya ko na magani babu. Ba ki ji duniya ta nutse ba?"

"To wannan kwalin da kake tokare da ƙafa fa?"

"Tarkace ne."

Ta ɗauki kayanta ta fita.

Tana fita hankalinsa ya tashi. Idon da ya ga kwali, bakinsa ba zai yi shiru ba. Ya kira wani dillali a can bayan gari, suka yi ciniki a waya. Don kada maƙwabta su gan shi da kwalaye, sai ya zare faifan duka daga cikin soson da kamfani ya naɗe su, ya zuba su tsirara a buhun shinkafa, ya ɗaure a bayan babur. Shi da kullum yake yi wa mutane faɗa cewa faifai kamar ƙwai yake, ba ya son jijjiga! Amma mai gaggawar cin amana ba ya ganin rami. Ya bi tsohuwar hanya mai gargada, buhu na tsalle a bayansa.

Dillali ya jona na farko a kwamfuta. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya jona na biyu, haka.

"Malam, faifai ka kawo mini ko agogo?"

"Sababbi ne fil, na rantse!"

"Ɗazu dai sababbi ne. Kwashe gawarka."

Da la'asar ya dawo, ya tarar da yayansa zaune a ƙofar shago, ƙafa a naɗe, sanda a gefe. Wanda ya aiko musu da kayan ne ya buga wa yayan waya yana yi masa barka da samun sa'a.

"Ƙanena, ina kayanmu?"

Injiniya ya sauke buhu. Yayan ya leƙa ciki. Hannu kawai ya miƙa, aka ɗora masa makullin shago.

Faifai arba'in ya fita da su, uku suka rayu. Ya rasa talatin da bakwai, ya rasa rabin shago, ya rasa ɗan'uwan da suka sha nono ɗaya.