Tsakuwar Lambun Baba

…ga shi kuwa ruwan ya ɗauke, ko ɗigo bai kwanta a kan hanyar lambun ba. Ina Nicholas ya zo ya gani? Yayana sarkin ba da umarni ta waya — a zuba siminti kawai, Margret, kowa ya huta. A huta? Simintin da in damina ta yi nisa ya fi miyar kuɓewa santsi? Shi da ke zaune a Yola, wa zai ɗaga Baba in ya sake faɗuwa?

Bara, nan gindin gwaiba… taɓo ko'ina, Baba a kwance yana laluben sandarsa, idanun nan da suka daina gani suna kallon sama. Mutumin da ya yi noma a kan duwatsun Michika. Tun ranar bai ƙara shiga lambunsa ba sai hannunsa na cikin nawa.

Tsakuwar mayo, irin ta bakin kogi, na so da farko. Fara, sumul-sumul, kamar ƙwan zabi. Da Gabdo mai tifa ya zuba min ita a tafin hannu sai ta gudu tsakanin yatsuna — to abin da ya gudu a hannu zai tsaya a ƙafar tsoho? Na ɗauki ta fasasshen dutse, mummuna, mai cizon juna. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, tsakiya da ɗan tudu don ruwa ya gangara wa yakuwa da tattasai. Bayana har yau bai yafe min ba.

Ƙaras… ƙaras…

Baba ne. Shi kaɗai? Ko takalmi babu — wai ƙafa ce idonsa yanzu. Inda ya ji ƙara, hanya ce, inda ya ji laushi, shuka. Ga shi ya kauce… ya tsaya… ya dawo. Tsohon nan, har dariya yake yi! Daɗi ya cika ni, gaskiya.

Ya wuce rijiya. Ya wuce gwaibar. Bai kira ni ba.

To ba abin da na nema ke nan ba? Shi ne mana. Sai dai… a hanyar nan, yana riƙe da ni, yake ba ni labarin Mama, abubuwan da bai taɓa faɗa ba sa'ad da yake da ido. Gobe da safe fa?

Ya zo daidai inda nake, ya wuce, ƙaras, ƙaras… ni kuma hannuna a miƙe, ban ma san lokacin da na miƙa shi ba.