Jakar da Ke Can Ƙasa

Dattijon da ake kira Don Eusebio ya ja igiyar da ƙarfi, kayan da ya jibga a bayan a-kori-kura suka yi ƙara. Keke, barguna, tukunyar gas, duk tsarabar mutanen ƙauyensu ce a jihar Michoacán, can ƙasarsu ta asali. Gobe da asuba za su bar garin Fresno inda suke ci-rani, sai an gama bikin waliyyin ƙauye a Janairu su dawo, kamar kowace shekara.

'Yarsa Araceli na riƙe da bakin igiyar.

"Baba, jarrabawar fa ranar Litinin ce."

"Ja nan, ki bar surutu."

"In ban rubuta ba, a ajin masu koyon Turanci za su sake bari na. Daga can ba a tafiya jami'a."

"Ke da kike yi wa likita tafinta in mun je asibiti? Ke ce mai koyon Turanci?"

"Su ba ruwansu da wannan, jarrabawa suka sani. Bara ma muna hanya aka yi ta. Yaran da suka zo bayana duk sun wuce ni, Baba. Kunya nake ji."

Don Eusebio mutum ne da in ya ɗaure kaya to ya ɗaure, ko limamin coci bai isa ya sa shi kwancewa ba. Ya ƙura mata ido, ta sunkuyar da kai.

"Kakarki fa? Tun watan jiya take tambayar wace rana za ki iso. Ƙafarta ta daina ɗaukarta, kin sani. Kina ganin za ta kai baɗi?"

Araceli na son tsohuwar nan kamar ranta, amma ba ta janye maganarta ba.

Ya daɗe a tsaye, hannu a ƙugu. Can ya yi tsaki ya fara warware ƙullin. Jakarta na can ƙasan komai, sai da ya sauke keken da bargunan kafin ya zaro ta. Ya dire ta a gabanta.

"Gidan gwaggonki Chelo za ki zauna. Kuma ki ci jarrabawar nan, kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya ɗaga keken zai mayar, sai ya tsaya, bai juyo ba.

"To, in tsohuwa ta leƙa motar ba ta gan ki ba, me zan ce mata?"

Araceli ta buɗe baki. Ta laluba a harshen gida, ta laluba a Turanci, ba ta samo komai ba.