Katunan da Tsuneo Ya Aika Asibiti

Shekara arba'in da shida Tsuneo yana tare da matarsa Kiyoe, kuma rabin shekarun nan tsiya yake yi mata a kan katunanta. Kullum da safe in ta gama wanke-wanke sai ta ɗora wani abu a tebur, lemo ne, kan kifi ne, ko tsohuwar hularsa ta aikin jirgin fito, ta zana shi a kati da tawada, ta shafa launi, ta rubuta 'yan kalmomi a gefe, ta aika wa wani nata. Shi kuwa cewa yake kowa yana da waya, me ya yi zafi.

Da daminar shekarar annoba Kiyoe ta zame a bakin ƙofa ta karye a ƙugu. Aka haye da ita daga tsibirinsu zuwa asibitin birni, aka ce sai ta yi wata biyu, kuma babu shiga dubiya ko ga miji. Waya ba ta yi musu rana ba, don kunnenta ya yi nauyi, rabin hirar a "me ka ce" take ƙarewa.

Kwana tara yana kai-kawo a gidan. A na goma ya tsinko yalon farko a lambunta, ya rasa wanda zai nuna wa, sai ya zauna a teburinta. Ya riƙe buroshin zanenta daga can ƙarshensa, a tsaye, yadda ya saba ganin tana yi. Ya zana yalon, tawada ta malale a takarda. Ya rubuta a gefe: "Ya nuna. Ba mai dafawa." Da yake ba shi da hatimi irin wanda take bugawa a nata katunan, ya dangwala babban yatsa da jar tawada, ya kai gidan waya yana ɓoye katin a aljihu.

Bayan kwana huɗu amsa ta zo, da biro.

"Baban Harumi, na gode da takalmin. Ina ɗaya ƙafar?"

A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, ta gaya masa yadda ake soya yalo da inda kaskon yake.

Haushi ya sa ya sake zanawa, daga nan kuma bai daina ba. Ya zana kabewa, ya zana kyanwar maƙwabta, ya zana kifin da ya ƙona. Ita kuma daga gadonta take karanta gidan. Ɗigo-ɗigon da ya sa a jikin ganye suka nuna mata ƙwari sun shiga lambu, ta rubuto a yi feshi. Da ta ga ya zana kofin taliyar kanti sau uku a jere, sai ta kai ƙararsa wurin 'yarsu Harumi, aka fara aiko masa da dafaffen abinci. Ya ji kunya, amma ya ci.

Ran da aka sallamo ta, tun jirgi bai taso ba yake tsaye a gaɓa. A gida ta dogara sanda har tebur, ta ɗaga buroshinta mai kyau, ta ga gashinsa ya barbaje kamar tsohuwar tsintsiya. Tsuneo ya shirya shan faɗa. Ita kuwa sai ta kama hannunsa tana kallon baƙin da ya zauna a ƙarƙashin faratansa, ta daɗe ba ta saki ba.

Suna shan shayi ta ba shi labarin ɗakinsu na asibiti. Su huɗu ne, kuma in katinsa ya zo sai ta rufe rubutun da hannu, kowa ya canki abin da aka zana. Wadda ta fi iya canka wata tsohuwa ce, Setsu, mai shekara casa'in, wadda tun da aka kwantar da ita ko wasiƙa ɗaya ba ta samu ba. Har yanzu tana can.

"To ki aika mata mana," in ji shi. "Ai ke ce gwanar."

"Nawa da ganin farko ake gane su. Naka take jira."

Ya ce shi fa ya yi ritaya daga wannan wahala, matarsa ta dawo, magana ta ƙare. Kiyoe ba ta ja da shi ba.

Washegari da hantsi ya shigo da ƙaguwa a bokiti, ya tambaye ta lambar ɗakin Setsu ba tare da ya dube ta ba. Ta faɗa masa, ta matsa masa gefe a tebur, ta miƙa masa tsohon buroshi. Sabon da Harumi ta sayo mata kuwa ta tura shi can bayan tulun furanni, inda hannunsa ba zai kai ba.