Inci Guda

Ni tela ne, kuma duk telan da ya san aikinsa ya san tef yana tsufa. Idan ya daɗe a wuya, ana ja ana naɗewa, sai ya miƙe. Nawa tsohon ya miƙe har inci ashirin da huɗunsa ya koma ashirin da biyar na gaskiya. Na sayi sabo, ruwan ɗorawa kamar wancan, amma ban yar da tsohon ba. Har yau in na tuna abin da na yi da shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kowace Asabar da yamma mu huɗu muke haɗuwa a ɗakin ajiya na bayan kantin magani, tsakanin kwalayen sirinji da wani firiji mai gurnani. Mai Kemis, wato mai kantin, shi ne alƙalin wasa. Shi ke riƙe da littafin doka, shi ke tsara labari. Teburin ya zama wata duniya can a sararin samaniya, inda mutane suka yi ƙaura suka kafa gari a ƙarƙashin rumfunan gilashi. Rumfunan nan robobin man shafawa ne da muka kife muka yi wa fenti. Mayaƙan kuwa ƙattan mutum-mutumin ƙarfe ne, a labari sun kai bene hawa goma, a kan teburi ba su wuce ɗan yatsa ba. Mu ne nan, magidanta da furfura, muna tura su muna yin ƙarar bindiga da baki. Matata tana kiran abin taron 'yar tsana.

Daɗin wasan a doka ɗaya yake. Sai ka ce "na harba" kafin a auna. Idan abokin gaba yana cikin nisan bindigarka, ka jefa ɗan lido a ga ko ka same shi. Idan ya wuce ko da silin gashi, harsashinka ya tafi a banza. Ni ke awo, tunda tef a wuyana yake wuni.

A wannan fanni babu kamar Yaya, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa injin ƙugiya a wuraren gini, yana sauke kaya daga hawa na goma sha biyu a filin da bai fi tabarma ba. Idonsa ma'auni ne. Ƙaton ƙarfensa, wanda ya sa wa suna Sarauniya, bindigarta inci ashirin da huɗu take kaiwa, kuma Yaya kan tsayar da ita daidai bakin nisan, ya ce "na harba" ko tebur bai sake kallo ba.

Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wata huɗu bai leƙa ƙofar gida ba. Da ƙyar da siɗin goshi na lallaɓo shi ya dawo wasan, yana jan ƙafa, yana dafe da kafaɗata. Ranar sau uku yana cewa "na harba", sau uku ina aunawa tana gazawa da kusan inci guda. A na ukun sai ya sa hannun dama ya ɗauki na hagun ya ajiye a cinya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Mako na gaba na zo da tef biyu a wuya. Wa zai lura? Ai ni tela ne. In wani ya harba, in ja sabon. In Yaya ya harba, hannuna ya zame zuwa tsohon.

Sarauniya ta dawo da ƙarfinta. Yaya ya soma dariya, ya soma aske gemu, har ya koma tsokanar Lauya. Lauya shi ne na huɗunmu, ba lauya ba ne, mai gyaran fanka ne, gardamarsa a kan doka ce ta jawo masa sunan. Mutum ne da zai iya musu da kai a kan ko yau Asabar ce. Wata uku muka yi a haka, ina jin kaina wani mai taimako, har ina yi wa kaina kirari a zuci.

Ranar da abin ya fashe, labari ya kai ga babban yaƙi. Rundunar Lauya ta kewaye rumfar da ke tace wa garin iska, Sarauniya kaɗai ta rage a bakin ƙofa. Yaya ya tura ta gaba da yatsa ɗaya, ya tsaya, ya ɗan ja ta baya kaɗan. Ya daɗe yana duban tebur.

"Na harba," ya ce.

Na ja tsohon tef. Ashirin da huɗu cif. "Ta kai," na ce, ina miƙa masa ɗan lido.

Bai karɓa ba. "Ba ta kai ba."

"Yaya, ga shi kana gani."

"Ina gani. Da gangan na ja ta baya. Wannan ashirin da biyar ne, ko a mafarki aka tashe ni." Ya miƙo hannun dama. "Ba ni ɗayan."

Na yi kamar ban gane ba. Wannan ne ma ya fi ba ni kunya yanzu, yadda na tsaya ina wani murmushi ina cewa wane ɗayan. Ya zare shi daga wuyana da kansa. Ya shimfiɗa su biyun a gefen tebur, kai da kai, ya danne da gwiwar hannu, yana bi da yatsa. A wajen goma sun soma rabuwa. A ashirin da huɗu, ko makaho ya shafa ya san da bambanci.

Yaya ya ɗago kai ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun mako na biyu," na ce.

Ya juya ga Lauya. "Kai kuma. Wata uku ina karkashe maka runduna, ko sau ɗaya ba ka ce a sake awo ba. Kai da ke cewa a sake jefa ɗan lido don ya taɓa gefen littafi."

Lauya ya sunkuyar da kai yana murza wata 'yar tankar yaƙi. Mai Kemis ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga. Wallahi sai a lokacin na gane su ma sun sani. Ban taɓa gaya musu ba, ina ta ganin ni kaɗai ne mai wayo, ashe kowa ya gani ya kau da kai.

"Wato ni ne 'yar tsanar," in ji Yaya. "Ku uku kuna wasa da ni."

"Haba Yaya, don ka ji daɗi ne..."

"Na ji. Na gode." Ya dubi Mai Kemis. "Alƙali, duk nasarar da ka rubuta wa Sarauniya tun daga mako na biyu, soke ta. Harsashin yau ma ya tafi a banza. Lauya, harba."

Lauya ya ce shi ya fasa. Yaya ya daka masa tsawar da ban ji irinta ba tun kafin ciwon. Lauya ya jefa ɗan lido, shida ta fito. Mai Kemis ya kwantar da Sarauniya a gefenta, kamar yadda doka ta ce.

Yaya ya tashi da sandarsa. Na matsa in ba shi kafaɗa, ya ce in bari. Matakala uku ce daga kantin zuwa titi, ya sauke su shi kaɗai, ni ina biye kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. A mota ma shi ya ja ƙofa da kansa, sai a karo na biyu ta rufu.

Na tayar da mota ke nan ya ce in kashe.

"Auta," ya ce. Tun muna yara rabon da ya kira ni haka. "Ranar da aka sallame ni daga asibiti, likita ya ja ka waje kun daɗe. Ka dawo ka ce ya ce nan da shekara zan koma kan ƙugiya. Kullum da safe ina matsa ƙwallon roba sau ɗari biyu saboda maganar nan." Ya juyo ya dube ni sosai. "Ita da wane tef ka auna?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ƙarya ta zo har bakina, a shirye, don na saba.

"Cewa ya yi ba za ka sake hawa ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Sai na ga yana laluben bel ɗin kujera da hannun dama, yana ja yana kuɓuce masa. Hannuna ya tashi da kansa zai kama masa, na mayar da shi kan sitiyari, na zauna ina jira.