Tsugunon Kaumi

Kaumi yana dafe da ƙofar tifa, yana neman yadda zai ɗaga ƙafarsa ta hagu, sai ga motar Alhaji ɗan kwangila ta tsaya a bayansa.

Tun ranar da bututun kwalbati ya zame masa a aikin titin Roni, bayansa bai sake ba shi lafiya ba. Tifar da ke zuwa Kano ɗauko siminti ita ke kai shi asibiti gashin ƙashi duk mako. Mai gashin ta ja masa kunne: kada ya sunkuya, kada ya yi fashi. Yatsun ƙafar sun fara mutuwa, ko ya mintsine su ba ya ji. Ya kuma san Madu na garin Gwiwa, lebura kamarsa, wanda aka katse wa gashi. Yanzu a kan buhu ake jan sa zuwa inuwa.

Alhaji ya fito, babbar rigarsa tana ƙamshin sabon arziki. Leburori suka zube. Kaumi ya rage shi kaɗai a tsaye, gumi na bin wuyansa.

"Kai, sa'anka ne?" Haladu helima, shugaban leburori, ya raɗa masa.

Ba a gidan da ake gaida babba a tsaye aka haifi Kaumi ba. Ya cije leɓe, ya tsuguna. Wani abu kamar wuta ya tsarga masa daga ƙugu har diddige. Fuskarsa ba ta nuna ba. Wannan ma tarbiyya ce.

"Ranka ya daɗe, barka da isowa."

"Wannan ne mai ciwon bayan?" Alhaji ya tambayi Haladu.

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To alhamdu lillahi, ai ya warke. Ni kaina ban iya wannan tsuguno ba." Ya shafa tumbi, aka taya shi dariya. Ya dubi direba. "Halliru, daga yau siminti kawai. Tifa ba motar asibiti ba ce."

Kaumi ya ɗago kai. "Ranka ya daɗe, mai gashi ta ce..."

"Gobe ka kama shebur, a hankali."

Halliru ya tayar da mota, bai yarda sun haɗa ido da Kaumi ba. Leburori suka miƙe, suka koma bakin aiki. Kaumi ya yunƙura. Ƙafar ba ta amsa ba. Ya sake yunƙurawa.

Alhaji ya buɗe ƙofar motarsa, ya waiwayo, ya gan shi har yanzu a ƙasa.

"Ka gani, Haladu? Masu irin wannan ladabi sun ƙare. Ka riƙe shi da kyau."