Fuskar Daskarau

"Baba, firjinmu ne ya tsaya, kuma allurar babanmu ta ciwon sukari tana ciki."

Mai gyaran firji bai ɗago ba. Yana tsugune bayan wata tsohuwar firiza da sukudireba a baki, amma ya gane muryar. Babbar 'yar maƙwabcinsa ce, wadda ta baro gidan mijinta wata biyu da suka wuce don ta yi jinyar uban.

Ya cire sukudirebar. "Duk garin nan babu mai gyara sai ni?"

"Akwai su. Shi ya ce kai yake so."

Shekara talatin da huɗu rabon da ya taka gidan, ga shi taku ashirin ne daga ƙofar shagonsa. Maƙwabcin nasa mai zane ne. A zamanin ƙuruciyarsu yana yi wa wata mujallar yara zanen labari, irin wanda jarumi ke tashi sama yana dukan miyagu. A fitowa ta bakwai ya ƙirƙiro wani mugu mai suna Daskarau, wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama ƙanƙara, har jariri a goyon uwarsa. Mugun bai yi wani tashe ba, sau biyu kacal ya fito aka narkar da shi, mujallar ma ba ta kai shekara uku ba ta mutu. Sai dai fuskar Daskarau ta mai gyaran firji ce sak: wushiryar, da faɗin hancin, har tabon walda da ke ƙasan kunnensa na hagu.

Yaran layi ba su ɓata lokaci ba. Kafin sati ya zagayo sunan ya manne. 'Ya'yansa sun sha kuka a makaranta, wata mata ma ta janye ɗanta da ya miƙa masa hannu. Yau babu wanda ya tuna da mujallar, amma har jikokinsa Baba Daskarau suke ce masa, suna zaton sunan sana'a ne. Shi kuwa ya tabbata rigimar da suka yi kan ruwan kwata ce ta jawo masa, don haka bai taɓa tambaya ba, ya dai ɗauke gaisuwa.

Ya ɗauki jakar kayan aiki ya bi ta. A ransa ya ce firji zai je dubawa, ba mutum ba.

Firjin yana lungun kicin, ƙofarsa ɗaure da roba. Ya jawo shi, ya kasa kunne, ya shafa bututun baya. Injin lafiya lau, gas ne ya tsiyaye ta wata 'yar huda. Yana cikin goge wurin sai murya ta fito daga ɗakin da ke kallon kicin.

"Maƙwabci, kai ne?"

"Ni ne."

"Leƙo mana. Ba na cizo, haƙoran ma sun ƙare."

Ya tsaya daga bakin ƙofa da tsumma a hannu. Mutumin ya ƙare, sai idanu da dogayen yatsu a kan bargo. An jawo gadon jikin taga, kuma ta tagar ana hango ƙofar shagon gyaran firji tsaf, har bencin da yake zama.

"Sannu da jiki."

"Jiki ya gama nasa," in ji mai zane. "Zauna. To, tsaya ɗin. Maganar fuskar nan ce."

"Wace fuska?"

"Haba, maƙwabci."

Mai gyaran firji ya ninke tsumman. "Saboda kwata ka yi min haka. Na sani."

"Wace kwata?" Tsohon ya yi dariya, ta zame masa tari, 'yar ta shigo da ruwa ya ɗaga mata hannu ta koma. "Wallahi na manta da wata kwata. Ni fa ban taɓa iya zana fuska da ka ba, sai ina kallonta. Ranar an ce gobe za a kai wa masu ɗab'i, na ɗaga kai, kai ne a gaban tagata kana kokawa da firji. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Jarumin ma daga tallan sabulu na kwafo shi."

Abin ya fi ɓata masa rai. Da gaba ce da sauƙi, a ce mutum ya yi shekara talatin da huɗu yana amsa sunan mugu don kawai bencinsa yana kallon taga!

"Na ga abin da ya biyo baya," in ji mai zane. "Ta nan nake gani. Kunya ta hana ni tsallakowa, da ta yi yawa kuma sai ta zama hali. Ka yafe min."

To, shi mai gyaran firji yana da wata ɗabi'a da duk layin ya sani. Bai taɓa ce wa mai kaya "ya gyaru" ba sai ya sa tafin hannu a ciki ya ji sanyi ya kama. Ko za ka yi ta masifa, sai ya jira. Ya laluba cikin ransa, bai ji komai ya sauka ba, kuma ba zai faɗi abin da bai ji ba don kawai mutum yana kwance.

"Bari in je in samo gas tukuna," ya ce. "In na dawo ma yi magana."

"To. Ina nan, ina zan je?"

Tulun gas ɗinsa babu komai, sai da ya shiga mota zuwa kasuwar kayan gyara. Shagon farko sun rufe, na biyu irin nasu ba zai yi wa tsohon firji ba, sai a na uku aka dace. Azahar ta wuce kafin ya samu motar dawowa, ya zauna da tulun tsakanin gwiwoyinsa, ga cunkoso motar ko motsi ba ta yi. Yana kallon waje sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton allon talla, saurayi mai sheƙi yana riƙe da sabulu yana murmushi. Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ba ta tsayawa, har matar da ke gefensa ta matsa.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau, 'yata."

Da dariyar ta lafa ya sake lalubawa, ya ji babu komai a wurin. Ya huce. Daɗi ya kama shi, da gaggawa kuma. Ya sauka tun kafin a kai tasha, ya saɓa tulun a kafaɗa ya yanke ta lungu, yana tafe yana shirya yadda zai faɗa, har da 'yar tsokanar da zai haɗa da ita.

Takalma ya fara gani a ƙofar gidan, sun fi ƙafa talatin. Daga ciki ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa. Telan layin da mai shagon magani suna shimfiɗa tabarmi a inuwa.

'Yar ta fito, idanunta jajur. "Baba, ka dawo."

"Yaushe?"

"Bai kai awa ɗaya ba. Sau biyu ya tambaya ko ka iso."

"Me kika ce masa?"

"Na ce kana hanya."

Ya yi mata ta'aziyya yadda ake yi. Ya bi mutane aka kai mamacin makwancinsa, aka dawo da yamma. Da kowa ya samu wuri ya zauna, sai ya ga shi kaɗai ne bai san inda zai sa kansa ba, ga tulun gas har yanzu a jingine bayan ƙofa. Ya ɗauka ya shige kicin, ba wanda ya hana shi.

Ya liƙe hudar, ya ɗura gas, ya jona wuta. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an naɗe katifa, an sauke labulen tagar.

"Na yafe," ya ce, kansa a bayan firjin. "Tun a mota."

Injin ya tashi da 'yar rawa. Wata ƙanwar mamacin ta leƙo da robobin ruwa cike da hannu, na masu zaman makoki.

"Ya gyaru? In zuba?"

"Tukuna," ya ce. "Ajiye su nan."

Ta jera su a ƙasa ta fita. Ya kifa bokiti ya zauna a kai, robobin ruwan suna gefen ƙafarsa, ya ɗora hannu ɗaya a jikin firjin yana jira.